Kwana Huɗu a Ɗakin Harawa

Mu biyu mahaifinmu ya bari maza, ni da yayana, kuma shekara bakwai ya ba ni. Gida ɗaya muka zauna a ƙauyenmu da ke gefen Fakuwa, shi da iyalinsa a sashen gabas, ni da nawa a yamma. Gona ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Ni aka sa makarantar boko, na gama firamare na tsaya, kuma da wannan ɗan karatun na samu aikin masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kankiya bayan an ba mu jiha. Da safe in hau keke in tafi, sai la'asar in dawo. Yaya ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma in ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, zai gaya maka ko a yi shuka ko a jira wani ruwan, kuma ban taɓa ganin ya kuskure ba. Duk da haka, saboda ina sa riga mai guga ina shiga ofis, a hankali shawarar gida ta dawo hannuna. Ko baƙo ya zo da magana, sai Yaya ya ce, "Bari ƙanena ya dawo, shi ya san duniya." Ni kuma na yarda na san ta.

Matar Yaya abokiyar wasata ce, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin mijinta. Akawu take kirana, don ta san ban kai akawu ba. In na shigo ina jan keke sai ta ɗago daga bakin murhu ta ce, "Akawu, yau takarda nawa ka kai wa manya suka ƙi karantawa?" Ni kuma in ce, "Gara su, ai su takarda suka ƙi. Ni tuwonki nake ci dole." Haka muka yi shekara da shekaru.

A shekarar da nake son ba da labarinta, ɗiyata ta fari ta samu manemi, wani malamin makaranta ɗan Mawashi, can ƙasar Kusada. Tana son shi, yana son ta, ni ma na yaba da shi. Abin da ya rage shi ne bincike. A wajenmu ba a kawo kayan aure sai an binciki gida. Mutanen yaro za su turo dattawa su zo garin kamar masu wata hidima, su zauna a ƙofar masallaci ko wajen mai shayi, hira ta ja hira har a zo kan gidan. Su kuma mata su turo dillaliya ta shiga ciki da tallar kaya, idonta na zagaya ko'ina. Abubuwan da ake tambaya sanannu ne: sata, kuturta, farfaɗiya, sai kuma hauka. In aka ce akwai taɓin hankali a jinin gida, ba wanda zai zo ya gaya maka an fasa. Shiru kawai za ka ji, kuma shirun zai bi sauran 'ya'yan gidan. Wani abokin aikina ɗan Kusada ya raɗa mani ranar Juma'a cewa cikin makon nan mutanen Mawashi za su turo.

Kafin wannan da kamar kwana goma, Yaya ya taka kututturen kara a gona. An gama girbin gero, an sassare karan a karkace, tsininsu kamar mashi, shi kuma ba ya son takalmi in yana aiki. Ya wanke da ruwan gishiri, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da ɗaurin dami. Ƙafa ta kumbura zuwa idon sawu, daga nan ta hau ƙwauri. Kaluluwa ta fito mashi a matsematsi, masassara ta kama shi. Wanzami ya zo ya yi sakiya, mugunya ta fita, muka ce to, an samu sauƙi.

Ranar Asabar bayan la'asar na shiga duba shi. Yana zaune a kan tabarma, jikinsa kamar garwashi. Ya dube ni ya ce, "Baba, an ba jakin ruwa?" Mahaifinmu ya fi shekara ashirin da rasuwa, jakin ma ya riga shi. Na ce, "Yaya, ni ne fa." Bai ji ni ba. Ya shiga tsintar wani abu a kan tabarma yana yarfewa, wai tururuwa sun cika ɗaki. Can ya miƙe a kan ƙafar nan mai ciwo, ya juya wa gabas baya, ya ta da salla da ƙarfi.

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji. Ta ce, "Akawu, mu kai shi Kankiya."

Abin da ya zo mani a rai a lokacin ba ƙafar ba ce. Na hango Yaya a kan amalanke ana ratsa gari da shi yana kiran matattu, yara na bin mu, mutanen Mawashi na zaune a ƙofar masallaci suna kallo. Na ce mata, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ina kika taɓa ganin an yi wa iska allura? Ki bar shi a hannuna."

A ƙuryar gidanmu, bayan garken awaki, akwai ɗakin da muke tara harawa. Ba taga, sai ƙofar langa-langa. Na sa aka ture harawar gefe, na shimfiɗa tabarma, na tallabo Yaya na kai shi can. Na tara matan gida na ce duk wanda ya tambaya, a ce Yaya ya tafi Kafin Soli wajen ƙanwarmu, zai yi jinyar ƙafa a can. Da bakina na faɗi haka a masallaci da magariba, mutane suka ce Allah ya sawwaƙe, na ce amin.

Washegari da safe ya tashi garau. Ya gane ni, ya tambaye ni ko an kwaso sauran dammunan, har ya yi mani faɗa me ya sa aka kawo shi ɗakin harawa kamar tunkiya. Na ce don ya fi sanyi. Na fito na ce wa matarsa, "Kin gani ko? Da yanzu mun tona wa kanmu asiri a banza." Ta ɗauki ruwa ta shiga wajensa. Kafin azahar abin ya dawo, ya fi na jiya. Haka ya riƙa yi, ya tafi ya dawo, kuma wannan ya ƙara tabbatar mani aikin iska ne, don a tunanina ciwon jiki ba ya zuwa yana tafiya kamar baƙo.

Na je wajen wani malami a ƙauyen gaba da mu, inda ba a san ni sosai ba, na ce wani abokina ne ke da mara lafiya. Ya ba ni rubutu da turare. Ina miƙewa ya ce, "Jikinsa da zafi?" Na ce da zafi. Ya ce, "To ka gaya wa abokin naka, ya ba shi wannan ya sha, amma ya kai shi asibiti. Addu'a ba ta hana magani." Na ce zan gaya mashi. Ba zan ɗora wa malamin nan komai ba.

Ranar Litinin na tafi aiki kamar kullum, don kada a ce me ya hana ni. Na yini ina kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, asibiti na nan cikin garin, tafiyar da ba ta kai shan kunu ba a kan keke. Sau biyu na wuce ta ƙofarsa. Na yi tunanin in shiga in tambaya, sai na tuna akwai 'yan garinmu da ke aiki a ciki. Da na dawo gida na tarar ƙafar ta canza launi, ɗakin na wani irin wari da turaren bai rufe ba. Matar Yaya ta tare ni a bayan garke.

Ta ce, "Ko ruwa ya daina karɓa a hannuna. Yana ce mani wace ce ke. Shekara talatin muna tare, yau ni ce wace ce ke."

Na ce, "Ki yi haƙuri kwana biyu. Su zo su wuce."

"Su wa?"

"Kin san su wa."

Ta ce, "Ɗiyarka ɗiyata ce, a bayana ta girma. Amma wancan da ke kwance yayanka ne."

Na ce mata, "To in fito da shi ta ina? Na riga na ce wa gari yana Kafin Soli. Kina so a ce ni maƙaryaci ne?"

Wannan maganar ita ta fi ci mani rai har yau. A ranar farko tsoron mutanen Mawashi ne ya sa na ɓoye shi. Zuwa rana ta uku kunyar ƙaryata ce ta tsare ƙofar.

Ranar Talata da hantsi dillaliyar ta zo. Ban je aiki ba, na zauna a zaure ina gyaran sarƙar keken da ba ta lalace ba. Tsohuwa ce mai fara'a, da ƙullin atamfofi da kwanonin silba. Ta baje kaya a tsakar gida, ta sha fura, ta yi ta jan mata da hira, ta yaba hankalin ɗiyata. Ni kunnena na can bayan garke, ina roƙon Allah kada Yaya ya yi motsi. Bai yi ba. Ko tari ba a ji ba. Da tsohuwar ta ɗaure kayanta ta fita, na yi hamdala a fili, har na ce a raina rubutun ya fara aiki.

Na je na tura ƙofar langa-langa. Yana kwance yadda na bar shi da safe, ido a rabin buɗe, numfashi sama-sama. Na kira shi, na girgiza shi, bai amsa ba. Shirun da na yi wa hamdala ke nan.

Matarsa ba ta tsaya neman iznina ba. Ta yafa gyale ta fita da kanta, macen da ba ta taɓa taka ƙofar gida da rana ba sai da dalili, ta je gidan wani maƙwabcinmu mai motar ɗaukar hatsi. Ni na goyo Yaya daga ɗakin harawa, na ratsa tsakar gida da zaure da shi, rana tsaka, mutane na dawowa daga sallar azahar. Wani dattijo ya ce, "A'a, yaushe ya dawo daga Kafin Soli?" Na wuce da shi zuwa mota.

A asibiti aka sa mashi ruwa, aka shiga yi mashi allurai, aka tsaga ƙafar aka wanke. Likitan yaro ne, da kaɗan zai girmi ɗiyata, amma ya iya magana da manya. Da ya fito na bi shi, na rage murya na ce, "Likita, haukan zai warke?"

Ya ce, "Baba, wa ya ce maka hauka ne? Ƙafar ce."

Na ce, "Ina ƙafa, ina kai?"

Ya ja ni muka zauna a kan benci. Abin da ya gaya mani zan faɗa yadda na fahimta, in na yi kuskure nawa ne. Ya ce in ƙwayar cuta ta shiga wani wuri a jiki, masu tsaron jiki da ke wurin sukan saki wasu sinadarai ƙanana cikin jini, kamar masu kai saƙo, suna kiran a kawo ɗauki. Su ne ke kawo zafi da kumburi, kuma aikinsu alheri ne, don ta haka jiki ke yaƙi. Suna sa hanyoyin jini su ɗan buɗe domin masu ɗauki su samu wucewa zuwa inda ciwon yake. Ya ce amma ƙwaƙwalwa dabam take. Hanyoyin jinin da ke cikinta a matse bangonsu yake, ba abin da ke ratsawa sai wanda aka tace, irin abincin da take buƙata. Sai ya sarƙe yatsun hannuwansa biyu ya matse, ya ce, "Ka ga haka suke." Ya ce to in ciwo ya yi ƙarfi ya daɗe ba a kashe shi ba, masu kai saƙon nan sai su yi yawa, su cika jini, su je har can. Ya sassauta yatsun har na hango hasken taga ta tsakaninsu. Ya ce daga nan abin da bai kamata ya shiga ba sai ya fara yoyo ciki, masu tsaron ƙwaƙwalwar su ma su harzuƙa, wuri ya yamutse. Ko ƙwayar cutar ba ta kai can da kanta ba, hayaniyar ta isa ta sa mutum ya ga tururuwa inda babu, ya kira matarsa baƙuwa. Ya ce shi ya sa yake zuwa yana tafiya, kuma in mutum ya daina surutun ya yi lamo, ba sauƙi ba ne.

Na ce, "In an kashe ciwon, wurin zai koma ya matse?"

Ya ce, "Sau da yawa yana komawa, in an zo da wuri. Yaushe ya fara ruɗewa?"

Matar Yaya na tsaye a bayana. Na buɗe baki zan ce jiya. Ta ce, "Asabar."

Likitan ya ƙirga da yatsa, ya dube ni, ya kawar da kai. Bai zage ni ba. Ya ce, "Za mu yi iya ƙoƙarinmu, Baba." Daga baya na sake tare shi na tambaye shi ko da mun zo ranar Asabar da Yaya ya tashi lafiya lau. Ya ce shi ba zai iya rantse mani ba, wani ana kawo shi da wuri ciwon ya bar mashi saura, wani a makare ya tashi sumul, amma kwana huɗu ba kaɗan ba ne. Na so ya ce mani babu bambanci, bai ce ba.

Ranar da muka kwana uku a asibiti, sai ga mutanen Mawashi, baffan yaron da wani dattijo, da ƙwaryar fura da lemo. Labari ya kai masu har da surutan da komai, don mai mota bai riƙe bakinsa ba. Na tashi na tarbe su. Baffan ya kama hannuna ya ce, "Sannu, Malam. Ai zafin masassara haka yake. Ni ma shekarun baya da ta kama ni, cewa na yi a ɗaura wa saniyata sirdi." Suka yi dariya, suka yi addu'a, suka tafi. Bayan wata biyu aka kawo kaya. An yi aure, suna nan tare har yau da 'ya'yansu.

Yaya ya yi sati uku kafin a sallame mu. Ƙafar ta warke, an cire yatsu biyu. Ya gane mu duka, yana salla daidai, yana cin abinci. Amma wanda muka kawo gida bai cika ba. Za ka gaya mashi magana, kafin ka juya ta zube. In mutum biyu na magana lokaci ɗaya sai ya dafe kai. Da damina ta faɗi muka fita gona tare, ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya daɗe yana kallonta, sannan ya dube ni ya ce, "Kai mi ka gani?" Daga shekarar nan bai ƙara yanke shawarar shuka ba. Ya koma zama a zaure yana tufkar igiya.

Kwanakin ɗakin harawa kuwa ko ɗaya bai tuna ba. Abin da ya sani, wanda mutanen gari suka gaya mashi, shi ne ni na goyo shi zuwa mota, ni na kwana da shi a asibiti. Duk baƙon da ya zauna a zauren nan sai ya nuna ni ya ce, "Ka ga wannan? Ba don Allah ba don shi ba, da tuni na yi ƙasa. A bayansa ya ɗauke ni." Baƙo ya ce Allah ya bar zumunci. Ni in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Matarsa ta ci gaba da gaishe ni, tana aiko mani da tuwo, amma ta koma kirana Malam. Wata rana na same ta ita kaɗai tana sussuka, na ce ta yafe mani. Ta ce, "Nawa na yafe tuni. Nashi ba a hannuna yake ba. Ni ba zan gaya mashi ba, don ba ni na rufe ƙofar ba. In kana da magana, ga shi can a zaure."

Shekara takwas yana zaune a zauren. Kullum sai na wuce ta gabansa sau biyu. Wani lokaci in ce ba zai fahimta ba, wani lokaci in ce ɓata mashi rai kawai zan yi, gobe ma ya manta. Gaskiyar ita ce ina son yadda yake nuna ni.

Ciwonsa na ƙarshe na ƙirji ne, wannan karon ranar da ya fara muka kai shi, amma kwana ya ƙare. Ana gobe zai rasu, da hantsi, hankalinsa ya dawo tas kamar na da. Ya sa aka kira mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Da aka zo kaina ya riƙe hannuna ya ce, "Na zame maka kaya shekara da shekaru. Ka yafe mani."

Na ce, "Na yafe, Yaya. Ni ma ka yafe mani."

Ya ce, "Kai kuma mi ka yi mani?"

Matarsa na zaune a ƙarshen gado, ta tsayar da fifitar da take yi mashi. Ba kowa a ɗakin sai mu uku, kuma yana jina sarai. Na ce, "Zaman tare ne, Yaya. Ba a rasa ba."

Ya ce, "Ba ka yi mani komai ba sai alheri. Na yafe."

Ya yafe abin da na nuna mashi. Sauran yana nan wurina, kuma shekaruna yanzu sun wuce nashi.